KAREN DA KE TSORO BA YA GADI: YADDA ZA A KWANTAR MASA DA HANKALI

Duk wanda ya san gidajen ƴan kasuwa a Kona, cikin gundumar Tasawa, ko a garuruwan Mayahi, ya san ba don ƙawa ake ajiye kare ba. Mai hatsi yana da rumbu ko sito cike da gero da wake, mai ƙuli-ƙuli tana da jarkokin man gyaɗa, wata kuma jarinta kaf yana ɗaure a turke: raguna biyu da take kiwo domin kasuwar Layya, da jajayen awakin nan na Maraɗi. Ranar kasuwa, in an yi sammako an tafi Tasawa ko Korgom ko Maijirgi, gida ba ya rage kowa sai yara da tsofaffi. A nan ne kare yake da rana, domin shi ne mai gadin da ba ya karɓar albashi. Malamai ma sun halatta ajiye shi domin gadi da kiwo da farauta.

To amma ba kowane kare ne yake wannan aiki ba. Akwai wanda da ya ji sallamar baƙo sai ya cusa bindi tsakanin ƙafafu ya shige ƙarƙashin rumbu. Akwai wanda da hadari ya haɗo, tun kafin a yi tsawa, jikinsa ya ɗauki ɓari, ya yi ta haki, ya saki fitsari, wani ma ya fasa danga ya shiga daji sai bayan kwana biyu. Akwai kuma wanda yake kwana yana haushi babu dalili, har mutanen gida su daina tashi in sun ji shi. Ran da ɓarawon ya zo da gaske, kowa yana barci.

Abin da aka saba yi wa irin wannan kare shi ne duka, ko a ɗaure shi da gajeriyar igiya a rana wai don ya yi zafi. Wannan dabara ita ce take ƙara lalata shi, kuma asarar tana komawa kan mai shi.

DAGA INA TSORON YAKE?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasu masana biyu na Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun daɗe suna nazarin ƴan kwikwiyo, suka fitar da sakamakonsu a 1965. Sun gano cewa daga sati 3 zuwa wajen sati 12 da haihuwa ne kwikwiyo yake koyon abin da zai amince da shi. In a wannan ɗan lokaci ya saba da hannun mutane, da muryar mata da maza, da awaki da jakai, zai tashi da natsuwa. In kuwa an raba shi da uwarsa tun bai isa ba, aka jefa shi bayan ɗaki, yara na jifarsa, wasu ma a yanke musu kunne da wuƙa, to ya riga ya ɗauki darasi cewa hannun mutum abin gudu ne. Wani kuma gado ne, domin karya mai tsoro takan haifi masu tsoro.

Sai maganar ƙara. Kunnen kare yana kama siririyar ƙarar da ta ninka iyakar kunnen mutum sau biyu. Abin da mu muke ji kamar ba komai, irin su injin niƙa, da kabu-kabu, da harbin bindigar biki, da abubuwan fashewar da yara ke wasa da su lokacin salla, shi a wajensa tashin hankali ne. Kuma ba karnukanmu kaɗai ba. A 2020 jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland ta fitar da bayanin da ta tattara daga masu karnuka 13,715, inda aka samu kashi 32 cikin 100 na karnukan suna firgita da ƙara. In haka ta kasance a inda kare ke kwana cikin ɗaki, ina ga namu da ke waje lokacin da aradu ta faɗi cikin watan Agusta?

Na uku shi ne ciwo. Masu bincike a jami'ar Lincoln ta Ingila sun nuna a 2018 cewa akwai alaƙa tsakanin ciwon gaɓoɓi da tsoron ƙara, musamman ga karen da tsoron ya same shi bayan ya girma. In ya zabura, wurin ciwon ya motsa, sai ya ɗora laifin a kan ƙarar. Saboda haka a fara duba jikinsa: kaska cikin kunne, ƙuma, ƙazuwa, ƙaya a tafin ƙafa, tsutsar ciki, ko tsohuwar karaya.

YADDA AKE GANE SHI

Kare ba ya magana, amma jikinsa yana faɗa. Zai kwantar da kunnuwa baya, ya sunkuyar da kai, ya riƙa lasar baki ko hamma alhali ba barci yake ji ba. Zai kau da kai amma yana satar kallo har farin idonsa ya fito. Zai ƙi abincin da ya saba so. In abin ya yi yawa sai ya sandare wuri ɗaya, sannan gurnani ya biyo baya.

A nan ne iyaye mata ya kamata su lura. Gurnani gargaɗi ne, kamar ya ce ku ja da baya. In aka dake shi saboda ya yi gurnani, zai daina gurnanin amma tsoron yana nan, wata rana sai dai a ji yaro ya ƙwala ihu. Cizo da yawa na cikin gida daga karen da aka rutsa ne, ya rasa hanyar gudu.

ABIN DA ZA A YI

Na farko, a ba shi mafaka. A nemi wani lungu mai inuwa inda ba a yawan wucewa, kamar bayan rumbu ko gefen garke, a kafa ƴar bukka da zana, a shimfiɗa tsohon buhu, a ajiye kaskon ruwa. Cikin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a riƙa yayyafa ruwa a ƙasan wurin, domin kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake rage zafi. Sannan a kafa doka a gida: in ya shiga can, babu mai jawo shi, babu mai leƙa shi, babu yaron da zai bi shi da sanda. Karen da ya san yana da wurin ɓuya ya fi saurin fitowa da kansa.

Na biyu, a tsayar masa da lokaci. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci safe da yamma, a wuri ɗaya, cikin kasko ɗaya. Ragowar tuwo da kanzo da ɗan romo sun isa, in an samu guntun nama ko busasshen kifi a ƙara. A kiyaye albasa da tafarnuwa da goro, domin suna cutar da shi, haka kuma dafaffen ƙashin kaza, wanda yake tsagewa ya soki hanji. In dole a ɗaure shi, a yi doguwar igiya wadda za ta kai shi inuwa da ruwa, a kuma riƙa sakinsa yana zagaya gida in an rufe ƙofa.

Na uku, a bar shi ya zo da kansa. Kada a tunkare shi gaba da gaba, kada a zuba masa ido, kada a duƙa a kansa ana miƙa hannu. Uwar gida ta zauna kan tabarma nesa kaɗan, ta ba shi gefe, tana tsintar wakenta ko tana ƙulla kayan sayarwa, lokaci lokaci ta wurga masa ɗan abin ci. Ta wurga shi ya wuce inda yake, don ya ci ba tare da an tilasta masa matsowa ba. Yau yana taku goma, jibi bakwai, wata rana sai ta ga ya kwanta a bakin tabarma. Ko a ranar, a ƙirji ko kafaɗa ake fara taɓa shi, ba a ka ba.

Na huɗu, a saba masa da abin da yake tsoro kaɗan kaɗan. A ɗauka babur yake tsoro. Sai a ajiye babur ɗin a kashe, can nesa, a ba karen abinci. Bayan kwanaki a tada shi a waje, inda ƙarar ba ta da ƙarfi, a sake ba shi. Ma'auninku shi ne bakinsa: in yana ci, ana kan hanya, in ya ƙi ci, an matso da yawa, a koma baya. Minti biyar a rana ya fi awa ɗaya a sati. Da haka ƙwaƙwalwarsa take haɗa ƙarar babur da zuwan abinci. Haka ake yi da baƙi: mai zuwa sarin kaya ya wurga masa abu daga zaure ya wuce, ba tare da ya kalle shi ba. Abin da ba a yi shi ne a ɗaure shi jikin abin da yake tsoro wai don ya saba. Wannan ba ya kawo sabo, sai ƙarin firgita.

Na biyar, a daina duka da tsawa. A 2020 masu bincike a jami'ar Porto ta ƙasar Fotugal sun gwada karnuka 92. Waɗanda ake horarwa da tsawa da fizgar igiya sun fi nuna alamun damuwa, kuma sinadarin tashin hankali ya fi hawa a cikin yawunsu, idan aka kwatanta da waɗanda ake horarwa da lada. In ya yi ɓarna saboda tsoro, a gyara wurin a yi shiru.

Da damina kuma, da an ga gabas ta yi baƙi, a kai shi mafakarsa ko zaure tun kafin iska ta taso, a toshe inda zai iya fita, a ba shi abin gwaguya. In akwai rediyo a kunna kusa da shi, muryar mutane tana rage masa kaifin tsawa. Wasu na cewa in ka lallashi kare mai tsoro ka ƙara masa. Ba haka ba ne. Zama kusa da shi da yi masa magana a hankali ba su da illa.

Kada a ba shi ƙwayoyin mutane. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na iya lalata masa ciki da ƙoda, tramol da ƙwayar barci ta masu talla kuwa na iya kashe shi. Akwai magungunan kwantar da hankalin kare, amma likitan bisashe ne kaɗai ya san wanda ya dace da awonsa.

TSORO DABAN, HAUKA DABAN

Ga inda rai yake. Kare mai tsoro halinsa ne tun da daɗewa, kuma an san abin da ke tada shi. Amma karen da jiya lafiyarsa ƙalau, yau ya canza farat ɗaya, yana ɓuya ko yana yawo babu kan gado, yana dalalar da yawu, ya kasa haɗiya, muƙamuƙinsa ya saki, muryarsa ta canza, yana cizon icce da ƙasa, ko ƙafafun baya sun mutu, wannan ba na lallashi ba ne. Yana iya zama ciwon haukan kare. Kada a sa hannu a bakinsa wai ƙashi ya maƙale. A kulle shi inda ba zai kai ga kowa ba, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kimanin 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da alamun sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma ana tare shi tun kafin ya kai can. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, kada a cusa barkono ko toka ko gashin karen, a nufi gidan likita a ranar domin allura. Shi kuma karen a tsare shi aƙalla kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jiran ƙarewar kwanakin kafin a ga likita.

Rigakafi ya fi magani. Ana yi wa kwikwiyo allurar haukan kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan bisashe ya tsara. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, ciwon yana yankewa. Ana ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara domin tunatar da duniya wannan magana.

RIBAR HAƘURI

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa jari ba ya haihuwa rana ɗaya. Wani kare cikin sati biyu za a ga canji, wani sai ya ɗauki watanni, wani kuma har abada ba zai so baƙi ba. Wannan ba aibi ba ne ga mai gadi. Abin da ake nema shi ne ya ci, ya yi barci, ya amince da mutanen gidansa, ya kuma bambance motsin akuya da na mai haura katanga. Haushin irin wannan kare ne ake tashi dominsa.

Mai niyyar ɗauko sabon kwikwiyo ya duba halin uwarsa tukuna, ya bar shi ya kai sati 8 a wajenta, sannan ya ja kunnen yara tun ranar farko. Hadisi ya zo da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, don haka kaskon ruwan nan da ƴar inuwar ba su faɗi ƙasa banza ba. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da iyalanmu, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.