Ba Kowane Jini Ne Na Basir Ba: Tsofaffinmu da Ciwon Dajin Hanji

A tasha ko a kasuwa, da wuya a rasa mai lasifika yana tallar maganin basir, kuma ba ya rasa masu saye. Jini a bayan gida, a ce basir. Kumburin ciki, a ce basir. Idan kuwa dattijo ne ya fara ramewa, tuwo ya daina shiga, sai iyali su ce ai tsufa ne. A tsakanin zato biyun nan ciwon dajin babban hanji yake samun maɓoya, har ranar da hanjin zai toshe a kwashi mutum ranga-ranga cikin dare zuwa asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji, na biyu kuma wajen kisa. A 2020 kaɗai ya kama mutum fiye da miliyan 1.9, ya yi ajalin sama da 930,000, kuma akasarin waɗanda yake kamawa sun haura shekara 50.

Sai dai ciwo ne mai jan ƙafa. Yawanci yakan fara da ɗan tsiro a jikin bangon hanji, ƙarami kamar ƙwayar wake, ba zafi ba ƙaiƙayi. Tsiron kan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama daji. A gwajin kolonoskofi, likita kan zura siririn bututu mai kyamara ta dubura ya leƙa hanjin daga farko har ƙarshe. In ya ci karo da tsiron, nan take yake tsinke shi, maganar ta ƙare tun ba ta taso ba.

Alamun da bai kamata a zauna da su ba sun haɗa da jini a bayan gida, ja ko baƙi. Zawo ko taurin bayan gida da ya ɗauki makonni. Bahaya da ta koma siririya. Murɗar ciki da rama ba dalili. Akwai kuma wadda ta fi yaudarar tsofaffi, wato ƙarancin jini. Ciwon da ya zauna a ɓangaren dama na hanji yakan riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani. Sai a ga Baba yana haki daga gida zuwa masallaci, tafin hannunsa ya yi fari fat, a saya masa maganin ƙarin jini a kemis, ba wanda ya tambayi inda jinin yake tafiya.

Lokacin da aka gano ciwon shi ne kusan komai. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan bai wuce hanji ba, kusan 9 cikin 10 na kaiwa shekara biyar bayan an gano shi. In ya taɓa ƙululun da ke kewaye, kimanin 7 cikin 10. In ya riga ya kai hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. A Najeriya, yawancin marasa lafiyar sai ciwo ya ci jiki suke isa gaban likita.

Ko an gano da wuri ma, akwai wani shingen. "Likita, Baba fa ya manyanta, ba zai iya ɗaukar wuƙa ba," shi ne abin da 'ya'ya suka saba faɗa, cikin tausayi. Amma Ronald Reagan yana da shekara 74, yana kan kujerar shugabancin Amurka, aka yanke masa wani sashe na hanji saboda wannan ciwo a watan Yulin 1985. Ya koma ofis, ya kammala wa'adinsa, bai bar duniya ba sai 2004 yana da shekara 93, kuma ba ciwon hanjin ne ajalinsa ba. Mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Ingila an yi mata irin wannan aiki a 1966, ta rayu har 2002, ta cika shekara 101.

Abin da likitoci ke aunawa shi ne ƙarfin jiki: lafiyar zuciya da ƙoda, hawan jini ko ciwon suga, ko mutum na tafiya da ƙafarsa, yana wanka da kansa, yana cin abinci. Wani ɗan 80 da ke zuwa gona ya fi wani ɗan 65 jure tiyata. Aikin da aka shirya masa a tsanake kuma ya fi na gaggawa ƙarancin haɗari nesa ba kusa ba.

Haka maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Wani nazari da aka buga a 2001 kan majinyata sama da 3,000 ya nuna waɗanda suka wuce shekara 70 na amfana da maganin fluorouracil bayan tiyata kamar yadda na ƙasa da su ke amfana. Akwai ma nau'insa na haɗiya, capecitabine, da ake sha a gida. Oxaliplatin kuwa, mai sa sanɗarewar yatsu, sau da yawa akan ɗauke wa tsofaffi shi, don ribarsa a gare su ba ta taka kara ta karya ba.

Tsoron jakar bahaya da ake maƙalawa a ciki ma yana korar dattawa, saboda tsarki da salla. Gaskiyar ita ce akasarin masu ciwon babban hanji ana sake haɗe musu hanjin ne, wasu kuma jakar ta 'yan watanni ce. Wanda ta zame wa dole, malamai da dama sun sa shi cikin masu lalura, irin mai yoyon fitsari, sallarsa na nan daram.

A Amurka, tun 2021 ana shawartar kowa ya fara gwaji daga shekara 45 zuwa 75: na bayan gida duk shekara, ko kolonoskofi duk shekara 10. Daga 76 zuwa 85, likita ne zai duba yanayin mutum. A Arewa, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin hanji da ake iya neman a tura mutum gare su. Wanda kuwa aka taɓa samun ciwon a jikin mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini, ana so ya fara nasa gwajin tun yana shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa.