Haukan Kare a Jikin Doki

Sunan da aka sa wa wannan ciwo yakan ruɗi mutane. Ana ce da shi haukan kare, amma kuwa doki da jaki da saniya duk suna kamuwa da shi, har ɗan Adam. Kare marar ubangiji, mai yawon juji da kasuwa, shi ne ya fi yaɗa shi a Afirka da Asiya. A Amurka ta Kudu kuwa akwai wani irin jemage mai shan jini da kan sa wa dawaki da shanu cikin dare.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In kare ya ciji doki a hanci ko a ƙafa, sai ƙwayar ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Kafin nan rauni ya warke, mai doki ma ya manta.

Abin da ya sa na doki ya fi ban tsoro shi ne yadda yake ɓad da kama. Wani dokin yakan haukace, yana cizon turke, yana cizon jikinsa wurin tsohon raunin. Amma da yawa ba haka suke yi ba. Sai a ga ya ƙi harawa, yana birgima kamar mai ciwon ciki, ko yana ɗingishi, ko yawu na dalala don ya kasa haɗiya. Sai mai shi ya zaci ƙaya ce ta maƙale, ya cusa hannu cikin bakinsa. In akwai ƙurji ko yanka a hannun nan, ya shiga haɗari. Da zarar alamun sun bayyana babu magani. Cikin 'yan kwanaki ƙafafun baya kan shanye, dokin ya mutu.

Mutumin da aka ciza, ko yawun ya taɓa masa rauni, sai ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti ran nan a fara yi masa allura. Louis Pasteur na Faransa ne ya fara gwada irinta ga wani yaro a 1885, yaron ya rayu. Duk da haka, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ciwon kowace shekara.

Dawaki ma suna da tasu allurar rigakafi. Amma likitocin dabbobi sun fi ƙarfafa ta karnuka, domin in aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan gari, ciwon yakan rasa hanyar wucewa daga wannan zuwa wancan.