Kwalbar da Ake Mayarwa ta Isa Majalisar Amurka

A shekarar 2025 wasu sanatocin Amurka biyu, Jeff Merkley na jam'iyyar Democrat daga jihar Oregon da Shelley Moore Capito ta Republican daga West Virginia, suka gabatar da ƙudirin doka mai suna REUSE. Buƙatarsa ba ta da yawa: Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar, wato EPA, ta binciki yadda za a riƙa dawo da kwalabe da robobi a wanke a sake cika su, a gidajen abinci da makarantu da masana'antun sabulu da man shafawa, sannan ta kawo rahoto. Dalilin a fili yake. Alƙaluman hukumar na 2018 sun nuna kashi 8.7 cikin ɗari kacal na robar da aka zubar a Amurka aka sake sarrafawa.

Wani zai ce wannan jan ƙafa ne, to me ya rage a bincika? Duk wanda ya taɓa ajiye kuɗin kwalba wajen mai shago kafin ya tafi da lemo gida ya san tsarin. A Jamus ana cika kwalba ɗaya har sau 50, Oregon kuma tun 1971 take da dokar kuɗin ajiyar kwalba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin 'yan siyasa sun iya binne matsala a cikin kwamiti. Sai dai kwalba ta fi roba nauyi nesa ba kusa ba, motar da ke jigilarta tana shan mai zuwa da dawowa, wankinta yana cin ruwan zafi da wuta. Idan sau ɗaya ko biyu ta dawo ta ɓace, ɓarnarta ta fi ta robar da ake gudu. Riba tana ga yawan dawowa da kusancin wurin wanki, kuma a Amurka garuruwa na da nisa, yawancin injinan wankin an daina amfani da su tun da kamfanoni suka koma gwangwani da roba.

Su wa za su sake kafa injinan wankin, kamfanoni ko ƙananan hukumomi? Nawa za a yanka kuɗin ajiya har mutum ya ga bai kamata ya jefar ba? Dokar da aka kafa ba tare da amsar waɗannan ba, talaka mai saye ne zai biya kuɗinta. Binciken ya cancanci goyon baya, matuƙar majalisa za ta yi aiki da rahoton idan ya iso.