Tsadar Keken Ɗinkin Fata Da Ƙarancin Kayan Gyara Sun Zama Ƙalubale Ga Dukawan Jos

JOS - Sana'ar dukanci ta daɗe da kafuwa a birnin Jos, musamman a Naraguta da ke kan hanyar Bauchi, inda aka san masu sana'ar da ɗinka jakunkuna da takalma da matasan zama. To, amma badukun da yake son ya wuce ɗinkin basilla ya riƙa karɓar aiki mai yawa, tilas ya mallaki keken ɗinkin fata na masana'anta, wanda shi ne jari mafi tsada a shagonsa, kuma wanda ya fi wuyar gyara idan ya lalace.

Keken tela na yau da kullum haƙoransa na ƙasa kaɗai ke jan yadi, saboda haka idan aka sa masa fata mai kauri sai ta ƙasa ta tafi ta bar ta sama. Shi kuwa keken fata, allura da ƙafa da haƙora duk tare suke tafiya, su kama fatar su ja ta gaba ɗaya. Akwai mai shimfiɗaɗɗen fage don ɗinkin bel da kujeru, akwai mai miƙaƙƙen hannu wanda ake zura jaka a ciki, akwai kuma mai tsayayyen ginshiƙi don saman takalmi. Na huɗu shi ne irin Singer 29K na masu gyaran takalmi, wanda ƙafarsa ke juyawa kowace fuska, sai dai ƙaramin kwarkwaronsa ba ya ɗaukar zare mai yawa. Wanda ya sayi keken da bai dace da aikinsa ba ya ɗaure jarinsa a banza.

Waɗannan kekuna daga ƙetare suke zuwa, shi ya sa farashinsu ke bin darajar naira sau da ƙafa. Kafin a shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira tana kusan kunnen doki da dalar Amurka. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa canjin kuɗi a watan Yuni na shekarar, sai da ta haura naira 1,500 a 2024. Watau kayan gyaran da kuɗinsu ya kai dala 20, wanda a da ake biya naira 9,200, ya koma naira 30,000 tun kafin a haɗa kuɗin kwastan da na dako daga Legas zuwa Filato.

Bugu da ƙari, kamfanonin da suka ƙera tsofaffin kekunan sun sauya. Masana'antar Singer ta Clydebank da ke Sikotilan, wadda ta fitar da 29K, an rufe ta tun 1980. Kamfanonin Jamus biyu, Dürkopp da Adler, sun haɗe a 1990, sannan kamfanin ShangGong na birnin Shanghai ya sayi mafi yawan hannun jarinsu a 2005, ya kuma sayi Pfaff na kekunan masana'anta a 2013. Yau yawancin sababbin kekuna masu sauƙin kuɗi ƙirar ƙasar Sin ne, kuma da dama daga cikinsu kwaikwayon tsofaffin samfurorin Jamus da Japan ne, irin su Pfaff 335 da kekunan Juki. Wannan ya zama alheri ta wata fuska, domin ana samun ƙugiya da kwarkwaro na samfurin da aka kwaikwaya cikin sauƙi, ko da yake ingancin ƙarfen ya bambanta daga wata masana'anta zuwa wata.

Ashe ke nan, abin da mai saye zai fara tambaya shi ne ko ana samun kayan gyaran keken a Kano ko Legas ko Aba. Keke na hannu mai arha wanda ba a samun ƙugiyarsa ya fi sabo tsada, domin kowace rana da ya yi a ajiye kuɗin haya da na yaran shago suna tafiya. Tun bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Jos ta Taminus a watan Fabrairu na 2002, 'yan kasuwar cikinta suka warwatsu, abin da ya ƙara wa mai neman ƙaramin ƙarfe wahala. Ya kamata mai saye ya tafi da guntun fatar da yake aiki da ita da kuma zarensa, ya ɗinka a gaban mai kaya, ya duba ko sandar allura tana girgiɗi, ya kuma rubuta lambar samfurin da ke jikin keken, domin da ita ake odar kayan gyara.

Galibin abin da ake kai wa kanikawa ba karyewar ƙarfe ba ne, kuskuren saiti ne. Idan keke yana tsallake ɗinki, sau da yawa allura ce ba ta dace ba, ko kuwa ƙugiya ta daina riskar zare a daidai lokacin da allura ta ɗago kimanin milimita 2 daga ƙasa. Allura ma iri-iri ce. Mai lamba 135x17 bakinta a mulmule yake don yadi da tamfol, 135x16 mai kaifi ce da ke yanka fata, yawancin kekunan Pfaff da Adler kuma 134-35 suke ɗauka. Ƙurar hunturu idan ta cakuɗe da mai takan cinye ƙugiya, don haka sharewa da ɗiga farin man keke kullum sun fi kowane gyara arha.

Batun wuta shi ma yana cikin lissafi. Tsohon injin kulochi yana juyawa yana shan wuta ko ba a ɗinki, alhali sabon injin sabo, watau wanda ake kira servo, sai an taka feda yake motsi, kuma yana iya tafiya a hankali, yadda ɗinkin fata yake bukata, tunda ramin allura a jikin fata ba ya ɓacewa. Ga mai dogaro da janareto, musamman bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sauya injin kaɗai na iya rage kuɗin da yake kashewa.

Arewacin Nijeriya na da fatar jar akuyar Sakkwato da ta yi suna a duniya, da masana'antun jima a Sharaɗa da Chalawa a Kano, da Cibiyar Nazarin Kimiyyar Fata da ke Samaru, Zariya. Muddin dukawa ba su da kekunan da ke aiki, ribar mayar da fatar nan takalmi da jaka za ta ci gaba da tafiya wasu ƙasashe. Hanyar da ta fi kusa ita ce ƙungiyoyin dukawa su haɗa odar allurai da ƙugiyoyi a sari guda, su tsayar da samfuri ɗaya ko biyu a tsakaninsu, su ɗauki nauyin horar da matasa gyaran keke, sannan su nemi rancen sayen injuna daga Bankin Masana'antu da sunan ƙungiya.