Kafin Takalmi Ya Saki, Ƙafa Ta Sha Wuya

Duk wanda ya taɓa cinikin takalmi a kasuwa ya san wannan magana. Ka zura ƙafa, ka ji yatsu sun takure, ka ce ya matse, sai mai kaya ya ce, "Alhaji, ai fata ce, zai saki." Wani lokacin gaskiya ya faɗa, domin fata takan ɗan buɗe ta gefe idan ta sha sawa. Amma babu takalmin da ke ƙara tsawo, na roba kuwa ko faɗin ma da ƙyar yake ƙarawa. Kafin ya saki ɗin, dunduniya ta yi bororo, ƙaramin yatsa ya yi kanta, farce ya lanƙwashe ya shige nama.

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Idan aka haɗa biyun an sami 52, kusan rubu'in ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum. Duk takun da aka yi, tafin ƙafa yakan baje, yatsu su ware su kama ƙasa, su tura jiki gaba. Takalmi mai tsukakken baki wannan aikin yake hanawa. In aka daɗe a haka, babban yatsa yana iya karkacewa ya hau 'yan uwansa, gindinsa ya turo waje ya riƙa zogi. Gado yana da hannu a ciki, amma matsattsen takalmi yana ƙara tsananta shi. Mai tsini kuma yana kwashe nauyin da dunduniya ya kamata ta ɗauka ya jibga wa gaban ƙafa. Ba na cewa ƙawayen amarya su daina sa shi ranar biki, sai dai ba takalmin yini a wurin aiki ba ne.

Lambar da ke ƙarƙashin takalmi ma ba abin dogaro ba ce sosai. A awon Turai, tsakanin 41 da 42 kashi biyu bisa uku na santimita ne kawai. Ingila tana da nata awon, Amurka ma haka, shi ya sa 42 na Turai yake zama kamar 8 a Ingila. Sannan 42 na Aba daban, na Sin daban, na dukawan Kano daban. Babbar matsalar ita ce lamba tsawo kawai take faɗa. Tun shekarun 1920 wani Ba'amurke, Charles Brannock, ya ƙera ma'aunin da ke gwada tsawo da faɗi tare, domin ya ga tsawo kaɗai ba ya wadatarwa. Mu da yawancinmu muka tashi da silifas ko ba takalmi, ƙafarmu ta saba da sakewa, ta fi faɗi ta gaba, kuma sau-ciki da aka ɗinka don siririyar ƙafa ba zai yi mata adalci ba.

Don haka a je da ƙafa kasuwa, kuma a je bayan la'asar, lokacin da ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar yini. A gwada duka biyun a tsaye, da safa in da ita za a riƙa sawa, domin galibi ɗaya ta ɗara ɗaya, kuma babbar ake bi. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. A taka, a je a dawo. In na gwanjo ne, a juya shi a duba ƙasansa: wanda ya cinye ta gefe guda ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko.

Iyayen da ke auna ƙafar yaro da tsinken tsintsiya kafin sayayyar salla sun fi masu saye da ka, amma tsinke bai san faɗi ba. Ƙara lamba biyu don "zai girma a ciki" kuwa tuntuɓe yake jawowa, yaro ya yi ta damƙe yatsu don kada takalmin ya zame.

Wanda ya fi damuna shi ne mai ciwon suga. Cutar tana kashe jijiyoyin ƙafa sannu a hankali, har takalmi ya goge fata ko tsakuwa ta shige ciki, mutum ya yini bai ji komai ba. Jini kuma ba ya gudana sosai, sai ɗan rauni ya ƙi warkewa ya zama gyambo, wani har a kai ga yanke ƙafa. Mai wannan lalura ya sa hannu ya laluba cikin takalmi kafin ya zura ƙafa, ya guji mai igiya tsakanin yatsu, kada ya yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Sabon takalmi ya sa shi na ɗan lokaci ya cire ya duba. Kullum da dare ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, da madubi ko wani ya duba masa. Ya ga ja ko bororo ko faso mai ruwa, ya nufi asibiti ba tare da jiran ya ji zafi ba.