Lamba, Ƙarfe da Takarda: Yadda Ake Gane Injin Asali a Tsofaffin Motocin Gudu

A watan Janairun 2014, a gwanjon motoci na kamfanin Barrett-Jackson da ke gudana a Scottsdale ta jihar Arizona a Amurka, an sayar da wata Chevrolet Corvette ƙirar 1967 a kan dala miliyan 3.85. Wanda ya hango ta daga nesa da wuya ya ga abin da ya raba ta da dubban 'yan'uwanta na wannan shekara, waɗanda akasarinsu ba sa kaiwa kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi. Abin da mai sayen ya biya shi ne tabbacin cewa tana cikin motoci 20 kacal da suka fito daga masana'anta a 1967 ɗauke da wani inji mai lita 7 da ake kira L88.

Inda kuɗi ya kai haka, masu jabu ba sa nisa. Shi ya sa duk mai son farfaɗo da tsohuwar motar gudu, kafin ya yi maganar fenti ko kujeru, yake fara tambayar kansa: injin nan, da giyabos ɗin nan, da aksul na baya, su ne waɗanda motar ta fito da su ranar da aka ƙera ta, ko kuwa an sauya su a hanya? Waɗannan sassa, haɗe da kuloci da farfela, su ne ke ɗaukar ƙarfi daga inji su kai shi tayoyi. Su ne suka fi shan wahala, su ne kuma aka fi canzawa. Motar da ta shekara hamsin ko sittin ana guje-guje da ita ba abin mamaki ba ne a ce ta ci inji biyu ko uku.

Masana wannan fanni suna aiki kamar alƙalin da ba ya yanke hukunci da bakin shaida ɗaya. Shaidunsu uku ne: lambar da aka buga, ƙarfen da aka buga ta a kai, da takardar masana'anta. Sai bakinsu ya zo ɗaya ake amincewa.

Abin da lamba ke faɗa

A gaban bulok ɗin injin Corvette, ta ɓangaren dama, akwai wani ɗan fili mai santsi da tsawonsa bai wuce yatsa ba. A nan ake samun lambobi jeri biyu. Na farko an buga shi ne a masana'antar da ta haɗa injin, ko dai Flint ta jihar Michigan ko Tonawanda ta jihar New York. Yana farawa da harafin masana'antar, sai wata da rana, sai haruffan da ke nuna irin injin. A misali, idan aka ga T0315IT, ana karanta shi da cewa an haɗa injin a Tonawanda ranar 15 ga Maris, haruffan IT kuma alamar L88 ce ta 1967. Jeri na biyu an buga shi a St. Louis, inda ake harhaɗa motar gaba ɗaya a wancan lokaci, kuma wani yanki ne na lambar shasin motar. Chevrolet ta fara wannan bugu na biyu a kan Corvette tun 1960, shi ne kuma yake ɗaure inji da motarsa.

Akwai wata lambar da ta fi wannan wuyar taɓawa. Lokacin da aka narka ƙarfe aka zuba bulok, ana fitar da lambar zubi da ranar zubi a jikinsa, suna tasowa sama maimakon su nutse ciki. Harafi na nuna wata, A Janairu, B Fabrairu, haka har ƙarshe, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Daga nan lissafi ya zama mai sauƙi. Dole a zuba bulok kafin a haɗa inji, dole kuma a haɗa inji kafin a ƙera mota. Bulok ɗin da aka zuba a watan Yuni ba zai taɓa zama na motar da ta bar masana'anta a watan Afrilun wannan shekara ba, ko da lambar da ke gabansa ta dace ɗari bisa ɗari. Ƙungiyar masu farfaɗo da Corvette ta Amurka, NCRS, wadda aka kafa a 1974, tana karɓar sashen da ranarsa ta faɗo cikin watanni shida kafin ranar ƙera motar.

Abin da ƙarfe ke tonawa

Sayen ƙarafan buga lamba ba shi da wuya, kuma mai jabu yana iya goge filin ya buga abin da ya ga dama. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A masana'anta, na'urar da ke daidaita saman bulok tana barin siraran layuka miƙaƙƙu da ke tafiya daga gaba zuwa baya. Idan aka sake kankare wurin a shagon gyara, na'urar da aka saba amfani da ita juyawa take yi, sai ta bar layuka masu lanƙwasa, filin kuma ya ɗan yi ƙasa da yadda ya kamata. Gwanayen jabu har layukan suke kwaikwaya, don haka masu bincike suke duba su da gilashin ƙara girma, suna haska fitila daga gefe.

Haruffan kansu suna da hali. Ma'aikaci yakan jera su cikin mariƙi ɗaya ya buga su lokaci guda, don haka tazararsu da karkatarsu sukan maimaitu a injinan da aka buga kusa da juna. Wani harafin yana da ɗan tsagu, wani ya fi sauran nutsewa. Masana sun tara hotunan irin waɗannan filaye masu yawa, suna gwada wanda ake shakka da maƙwabtansa na lamba.

Idan batun ya kai kotu, kimiyya ke shigowa. Bugun lamba yana danne ƙwayoyin ƙarfe har ƙasa da inda ido ke gani. Ko an goge saman, wurin da aka danne ba ya komawa yadda yake. Idan aka sulɓe shi aka shafa wani sinadari mai cin ƙarfe, ɓangaren da aka danne yana cinyewa da saurin da ya bambanta da na kewayensa, sai tsohuwar lambar ta bayyana. A ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, ana iya yin haka da garin ƙarfe ba tare da an ɓata wurin ba. Da waɗannan dabaru ne 'yan sanda ke karanta lambobin bindigogi da motocin sata. Dokar tarayyar Amurka ma ta ɗauki canza lambar shaidar mota a matsayin laifi.

Giyabos da aksul

Giyabos mai giya huɗu na Corvette ɗin wancan zamani ana yin sa ne a garin Muncie na jihar Indiana, kuma iri uku ne: M20, M21 da M22. Daga waje sun yi kama ƙwarai, bambancin yana ciki. Haƙoran M22 ba su karkata sosai ba, abin da ya ba su ƙarfin jure tsere, ya kuma sa suke kuka idan mota na tafiya. A jikin akwatin ma ana buga rana da yankin lambar shasi. To amma akwati na iya zama na asali alhali kayan cikinsa na wani ne, don haka wanda ke son tabbaci sai ya buɗe murfin gefe ya ga haƙoran da idonsa.

Aksul na baya ba ya ɗauke da lambar motar, sai haruffan da ke nuna irinsa da ranar haɗa shi. Akwai gwajin da kowane bakanike zai iya yi: a ɗaga bayan motar, a sa alama da alli a farfela da taya, a juya tayoyin biyu tare zagaye ɗaya ana ƙirga juyin farfela. Idan haruffan sun ce 4.11 amma farfela ta juya sau uku da ɗan kaɗan, an canza haƙoran ciki.

Abin da takarda ke tabbatarwa

Daga 1967, ma'aikatan St. Louis sun riƙa manna takardar jerin kayan da aka sa wa kowace Corvette a saman tankin mai. Wadda ta tsira daga zafi da laima tana da daraja ƙwarai, har masu ita ba sa yarda a ɓanɓare ta. A Turai kuwa kundin kamfani ake komawa. Mai Jaguar E-Type, motar da aka fara nunawa a Geneva a 1961, yana iya neman takardar shaida daga Jaguar Daimler Heritage Trust a Ingila, wadda ke nuna lambobin shasi, inji, giyabos da bodi kamar yadda aka rubuta su a lokacin ƙira. Porsche na da katunanta na Kardex. Ferrari ta buɗe sashen Classiche a 2006, wanda ke duba motar kanta kafin ya ba da shaida. Wannan bambanci yana da muhimmanci: kundi yana faɗin abin da ya fita daga masana'anta ne kawai, ba ya rantsuwa cewa abin da ke gabanka yau shi ne wancan.

Ba duk canji ne ha'inci ba. A ƙarshen shekarun 1960, idan inji ya mutu cikin wa'adin garanti, Chevrolet kan ba da wani mai alamar CE. E-Type na farko mai lita 3.8 ya zo da giyabos ɗin Moss, wanda shiga giyarsa ta ɗaya sai an tsaya cak ko an iya dabara, sai a 1964 aka kawo mai sauƙin sarrafawa tare da injin lita 4.2. Masu motar da yawa sun sauya nasu don jin daɗin tuƙi. Saboda haka kasuwa ta san matakai uku: sashen da motar ta fito da shi, sashen da ya dace da irinta da lokacinta amma daga wata motar ya zo, da sashen da aka musanya kawai. Kowanne da farashinsa. Laifi yana farawa ne ranar da aka sayar da na biyu ko na uku da sunan na farko.

Sau da yawa ma mai gyara ne ke halaka shaidar da hannunsa ba da niyya ba. Ya kai bulok a daidaita samansa, na'ura ta share lambar cikin minti guda. Ya ba da tsohuwar kafireta a musanya masa da gyararriya, mai ranar da ta dace ta tafi ke nan. Ƙwararru kan ɗauki hoton kowace lamba kafin su kwance ko ƙusa ɗaya, su ja kunnen mai na'ura kada ya taɓa filin, su ɗinke bulok ɗin da ya tsage maimakon jefar da shi.

Darasin bai tsaya a Amurka da Turai ba. Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, tana ƙara ƙaranci a tituna, kuma wadda ke da injinta na asali da takardunta na farko ta fi ƙaranci. Wanda ya gaji irinta, idan tilas ta sa ya sauke inji, ya adana tsohon a inuwa, ya rubuta ranar da dalilin canjin, ya haɗa da rasit ya ajiye tare da takardun mota. Ranar da zai sayar, ya miƙa duka ga mai saye ya faɗa masa abin da aka canza. Motar da aka san tarihinta, har da gyare-gyarenta, ta fi wadda lambobinta suka dace amma ba wanda zai iya tsayawa ya rantse a kansu.