Kura Da Fatar Akuya: Gargaɗin Addinin Kirista A Kan Mayaudara

Duk wanda ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Zuba zuwa tsakiyar Abuja ba zai rasa ganin garin Kubwa ba. A dā ƙauyen Gbagyi ne, amma tun da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Legas ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, sai garin ya cika ya batse da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman aiki, waɗanda kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfinsu. Yawancinsu baƙi ne da suka baro dangi a nesa, ga tsadar rayuwa, ga ciwo, ga rashin abin yi. To, mutumin da ke cikin wannan hali shi ne abincin mayaudari.

Akwai manyan majami'u masu tsari a Kubwa, kamar cocin Katolika na Christ the King, da na ECWA, da na ɗarikar Angilikan wadda ta ba garin bishop nasa a 2005. Ban da waɗannan akwai ƙananan wuraren ibada barkatai a cikin shaguna da rumfuna, daga Gbazango har Byazhin. Da yawa daga cikin masu jagorancinsu bayin Allah ne masu riƙon amana, amma fa a kasuwar da ake sayar da zinariya, nan mai jabu yake kasa kayansa. Shi ne za a ji yana alkawarin aure ko haihuwa ko bizar ƙasar waje cikin kwana bakwai, muddin an “shuka iri”, watau an ajiye kuɗi a gabansa.

Shi kuwa addinin Kirista bai bar mabiyansa cikin duhu a kan wannan al'amari ba. A cikin Linjilar Matiyu, sura 7, Yesu Almasihu ya ja kunnen almajiransa game da annabawan ƙarya, ya kwatanta su da kyarketai da suka yafa fatar tumaki, abin da Bahaushe ke kira kura da fatar akuya. Ma'aunin da ya bayar shi ne a dubi abin da rayuwar mutum take haifarwa, kamar yadda ake gane itace ta wurin 'ya'yansa. Manzo Bulus ma ya gaya wa Korintiyawa cewa Shaiɗan kansa yakan ɓad da kama ya fito kamar mala'ikan haske. Ke nan daɗin baki da farar riga da yawan mabiya ba su isa shaida ba.

Ma'auni na biyu shi ne kuɗi. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 8, ya ba da labarin Saminu mai sihiri na Samariya, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon da ya ga Allah ya ba su, Bitrus kuwa ya tsawata masa ƙwarai, domin baiwar Allah ba hajar kasuwa ba ce. Haka nan Annabi Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga hannun Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, bayan ya warke daga kuturta. Baransa Gehazi ne ya bi baƙon a ɓoye, ya shara ƙarya ya karɓo azurfa da riguna, sai kuturtar ta koma kansa. Saboda haka duk wanda ya yanka wa addu'a farashi, ya riga ya nuna sahun wanda yake bi.

Na uku shi ne bincike. An yaba wa mutanen Biriya domin ko wa'azin Bulus ba su haɗiye shi haka nan ba, sai da suka riƙa duba Littattafai kowace rana don su tabbatar. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 18, ya nuna cewa annabcin da bai cika ba, ba daga Allah yake ba. Mai jin Hausa kuwa ba shi da uzuri, gama tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshensa, aikin da Likita Miller na Zariya ya sha wahala a kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta tsaya a kan bagadi kawai, domin hukumomin ƙasa ma sun sha tsoma baki. A 2004 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana nuna mu'ujizan da ba a iya tabbatar da su ba. A 2024 kuma hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a game da wani “ruwan mu'ujiza” da sabulu na wani coci a Jihar Delta, ta ce ba ta yi musu rajista ba. Haɗarin a fili yake: mai hawan jini ko ciwon sukari da ya ajiye maganin da aka ba shi a asibiti ya koma ga ruwan kwalba, da ransa yake caca.

Har ila yau ba a manta da MMM ba, shirin nan na Sergei Mavrodi ɗan ƙasar Rasha, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, yana kiran abin “ba da taimako”. Ta hannun aminai da 'yan'uwa da abokan ibada ya yaɗu, har ya rufe asusun mutane a Disamba 2016. Hukumar NDIC ta ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 sun yi asarar Naira biliyan 18. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne, kuma da shi mayaudari yake buɗe ƙofa.

Sai dai koyarwar ba ta tsaya ga nuna wa wasu yatsa ba. Littafin Karin Magana, sura 11, ya nuna cewa Allah yana ƙyamar ma'aunin algus, Hananiya da matarsa Safiratu kuwa ƙarya a kan kuɗin fili ce ta hallaka su a gaban manzanni. Don haka mai awon da ta bubbuge gindin mudu a kasuwar Kubwa, da dillalin da ya karɓi kuɗin ɗaki ɗaya daga hannun mutum biyu, da ma'aikacin da ya sa hannu a rajista ya sulale, duk hukuncin ya hau kansu, ko da su ne a sahun gaba ran Lahadi.

Abin da ya rage ga mai bi shi ne ya tambayi inda baikonsa yake tafiya, ya gwada kowane wa'azi da Littafin da ke hannunsa, ya kai mara lafiyarsa asibiti yana kuma yi masa addu'a. Makiyayin kirki ba ya jin haushin tambaya, wanda ya hasala don an tambaye shi kuwa, akwai lauje cikin naɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya kuwa dokin ƙarfe ce.